Ramin Alhaji da Kwanon Kofur

Tun ranar da 'yata ta fara tatata ban ƙara samun kwanciyar rai ba, saboda ramin da ke ƙofar gidan da muke haya a Kwararafa. Wani Alhaji maƙwabcinmu, dillalin shanu, shi ya sa aka haƙa ana ɗibar ƙasar gini, aka gama aka bar shi buɗe. Ga damina ta kawo kai, ruwan Jos kuwa ba ya sallama. Maigidana direba ne a hanyar Bukuru, da asuba yake fita. Ni kaɗai ce da yarinya da fargaba.

A gidan akwai wani kofur na 'yan sanda, iyalinsa suna ƙauye. A yadda aka tarbiyyantar da mu, ba a ɗora tukunya a bar gwauro da yunwa. Kullum kwanonsa daban. In na yi waina, tasa ce ta farkon kasko. Yakan ce, "Ƙanwata, wannan miya taki za ta sa in manta hanyar garinmu." Ni kuwa in ce, "Yaya Kofur, in matarka ta ji, ba ruwana." A wajenmu wanda ya ci tuwonka ya zama naka. Ban san a wajensu kwano ma yana da girma-girma ba.

Da na kai masa kukan ramin, ya bugi ƙirji. "Ko gobe sai Alhajin ya cike shi. In ya ƙi, caji ofis."

Ya je ƙofar gidan Alhajin kuwa, da kakinsa. Ina leƙe ta zaure na ga an shimfiɗa masa darduma. Da la'asar sai ga buhun dankalin Turawa da cinyar saniya an sauke a ƙofar ɗakinsa. Har ya yanko mini tsoka. Na ce, "Yaya, ramin fa?"

Bai kalle ni ba. Ya ce, "Madam, wannan ba aikin ɗan sanda ba ne. Ki riƙe 'yarki." Ranar na tashi daga ƙanwa na koma madam.

Ruwa ya sauka, rami ya cika. Wata safiya ina kwashe shanya, yarinya ta sulale waje ta faɗa ciki. Wata mai tallan nono ce ta tsamo ta, da zane ta shiga har ƙugu. Ta rayu, amma ta sha ruwan laka, har aka yi kaka tana tari. Kofur ya zo ƙofar ɗakina ya ce sannu, da kwanon jiya a hannunsa, wai ko akwai saura.

Mai karatu, in kana da ɗa ko ƙane mai sanye da kaki, don Allah ka ce masa kada ya karɓi na kowa, ko tuwon maƙwabciya ne. Gara mu san tun farko ba mu da kowa, mu cike raminmu da hannunmu.