Akwatin da Aka Jera Daga Dama

Na yi shekaru ina aikin gwajin ƙasa a Arlit. Masu haƙa su ciro ƙasa daga rami, su jera ta cikin dogon akwati, ta sama a farko, ta can ƙasa a ƙarshe. Ni kuma in murza da yatsu in rubuta abin da na gani, ko yashi, ko yumɓu, ko dutse.

A cikinsu akwai wani dattijo mutumin Tawa. Allo ya karanta, bai yi lakwal ba, wato boko, saboda haka daga dama yake fara jeri. Kowa ya san haka. In akwatinsa ya zo, sai in fara daga dama, shi ke nan.

Sai aka kawo na'urar da ke ɗaukar hoton akwati, ta fassara, ta zana abin da ke ƙarƙashin ƙasa. Ita daga hagu take farawa, kuma ba ta tambaya. Ranar da aka ba ta akwatin dattijon daga wani fili a Akokan, sai ta zana dutse a sama, yashi a ƙasa.

Sabon injiniyanmu ya kira dattijon gaban mutane ya ce ya ɓata aiki. Raina ya ɓaci. Na ce, "Shef, a filin nan muka tsaya jiya. A dutse takalminka ya nutse?"

Ya kalli takalminsa. Amma ba a taɓa na'urar ba. Dattijon aka sa, da furfurarsa, ya koyi jeri daga hagu.