Waƙar da Ta Kayar da Birame

Ndiaga Thiaw ɗan unguwarmu ne, Thiaroye. Tela ne a shagon kawunsa, kuma a kan ƙarar keken ɗinki ya koyi jero baitocin rap. Burinsa ɗaya: mutanen unguwa su saurare shi, su daina kiransa sarkin surutu. Ni ne manajansa. Ba wanda ya naɗa ni, na dai ga kujerar ba kowa na zauna.

Wasanmu na farko a bakin teku na ƙirga 'yan kallo tsaf, har da mai gyaɗa da akuyar da ta tsaya, duk da haka adadin ba na faɗa ba ne. Sai na tambayi kaina: ina taro yake a Dakar? Filin kokawa. Ga shi Birame, zakaran unguwarmu, zai kara da wani ƙato daga Guédiawaye.

Na ce wa Ndiaga, "Yi masa waƙar shiga fili. Dubban kunnuwa a yammaci guda!"

"Mbaye, in ya faɗi fa? Ka san mutanenmu."

"Birame? Na auna nauyinsa, na auna tarihinsa. Kai dai ɗinka baiti, ka bar min lissafi."

Ya ɗinka kuwa, amshin yana cewa Birame bango ne, ba ya motsi. Ranar karawa Birame ya shigo da layu har wuya, ana kwarara masa madara a ka, waƙar na tashi a lasifika, fili na amsawa. Ina cikin ƙirga masu rawa, ko ɓangaren gabas ban gama ba, sai na ji ihu. Bangon na kwance rigingine.

Malamin Birame bai ɗauki laifi ba, Birame ma haka. Aka ce waƙar ce ta zo da farar ƙafa. Kawun Ndiaga ya ce masa, "Ɗana, tattara almakashinka, maƙwabta sun daina kawo ɗinki."

Samarin Guédiawaye kuwa suka ɗauki amshin suna tsokana da shi a titi, daga nan ya hau motocin haya, ya shiga rediyo. Har 'yan kokawa suka riƙa zuwa a ɓoye suna roƙo, "Don Allah yabi abokin karawata." Na ga kasuwa a nan, Ndiaga ya ƙi. Ya kama ɗaki a Guédiawaye, ya fitar da faifai, yanzu manyan dandamali ke kiransa. A Thiaroye har yau da an ji muryarsa ake murɗe rediyo.

Mahaifiyarsa, Yaay Coumba, ita ke kai masa shinkafa da kifi can duk Lahadi. Rannan ta same ni tare da shi a ɗakin, ta dube ni ta ce, "Kai ne mai lissafin nan ko? To lissafa min ranar da ɗana zai dawo gida."

Na buɗe baki, don ina da adadi a kaina. Ndiaga ya taka min ƙafa.