Tripo da Ɓauren Ganuwar Kotor

Kafin a buɗe gidan burodi Tripo yake hawa ganuwar garinmu Kotor, igiya a kafaɗa, ƙugiya da bokitin farar ƙasa a hannu. Ya ɗaure ƙugu, ya sauko yana lilo a jikin dutse, yana farautar ɓauren da tsuntsaye suka shuka da kashinsu. Ya zaƙulo saiwa, ya toshe ramin, ya matsa gaba. A haka ya yi furfura.

Na tsufa ina koyar da tarihi, ina gaya wa yara cewa ganuwarmu ta kori jiragen ruwan Barbarossa, sarkin yaƙin Turkawa, ba abin da zai kayar da ita. Littafi ne ya faɗa, ni kuwa ban taɓa yarda ba. Igwa takan gaji ta koma gida. Saiwar ɓaure ba ta gajiya, a hankali take raba dutse da ɗan'uwansa, kuma gidajen layinmu a gindin bangon suke.

Kai ne, Tripo, gizo-gizon ganuwa, ka hango tsagar da ke saman ɗakin Luce mai wanki, ka fito da ita da jikokinta tana zaginka. Da ruwan kaka ya sauka, dutse ya ratsa rufin ya sauka a kan gadonta. Ba ta gode ba, cewa ta yi ka yi mata baki.

Bana gwiwar Tripo ta ƙi. An yi cigiyar magaji, shiru. Samarinmu suna kan jiragen ruwa, sauran suna gyara wa baƙi gado.

Jiya na leƙa gidansa.

"Malama, kin zo ta'aziyya ne? Ban mutu ba tukuna."

"Ina igiyar?"

Matarsa Katica ta nuna tsakar gida da haɓa. "Ga ta can. Yau dai ta yi aikin kirki. Ke ma so kike tsohon birin nan ya faɗo mini?"

Rigunan barci ne a shanye a kan igiyar.

Mun gode, Tripo. Ku kuma samari, in akwai mai jin tsohuwa, ku je ku roƙi Katica ta kwashe shanyarta. Ba na sa rai. Akwai ɓaure a saman tagata, da bazara bai kai yatsa ba. Yau da safe a inuwarsa na sha shayi.