Muryar Baba a Cikin Laka

Babana direban lori ne, kuma babban abin alfaharinsa a duniya shi ne wai bai taɓa kafewa ba. Duk gidanmu mun san ƙarya ce. Mutumin da ya ƙare rayuwarsa yana ɗauko dawa da riɗi daga gonakin Doka zuwa kasuwar Gadarif, a kan wannan baƙar ƙasa tamu da in ta sha ruwa har takalmi take ƙwace wa mutum, ina zai ce bai san laka ba? Amma in aka kawo maganar sai ya ce ai ba kafewa ya yi ba, motar ce ta ga dama ta huta.

Ɗan baffana, wanda nake kira Yaya, ya yi karatun kwamfuta a Khartum. Wata damina ya zo mana da labarin cewa shi da abokansa suna haɗa wasan waya, kuma wasan na lori ne a kan hanyarmu. Ka loda buhuna, ka zaɓi inda za ka bi, ka yi ta fama da laka har ka kai kasuwa kafin ruwa ya jiƙa maka kaya. Komai sun zana, har da rubutun bayan mota. Muryar direba ce ta rage musu, shi ya sa ya zo.

Da hantsi ne, Baba yana ƙarƙashin rumfa yana shan gahawa, Yaya ya ajiye masa na'urar ɗaukar murya a gabansa.

"Ni za ka sa a cikin li'iba, ya walad?" in ji Baba da Larabcinsa, wato a cikin wasa, kai yaro. "Na zama abin wasan yara?"

Haka ya ce, amma da ya fara sai da muka roƙe shi ya tsaya. Ya yi faɗan da yake wa yaran mota, ya yi kirarin da yake wa lorinsa a hawan tudu, ya yi addu'ar tashi. Can Yaya ya ce, "Saura ɗaya, Baba. Me kake cewa in mota ta kafe?"

"Ba ta kafewa."

Inna tana bakin murhu ta ƙyalƙyale da dariya. "Haba Usta," ta ce, don haka ake kiran manyan direbobi a nan, ita kuma ba ta kiransa haka sai za ta tsokane shi. "Gaya wa yaro gaskiya mana."

Baba ya harare ta, ya ja dogon tsaki, ya fara da halas ɗinsa, wato shi ke nan, ya ce, "Halas, ta zauna. Ku sauko 'ya'yana, mu tura. Allah na nan."

Yaya ya tafi da muryar, bai bar mana ko kaɗan ba. Ya ce mu yi haƙuri, bayan kaka wasan zai fito, kowa ya ji a wayarsa. Kaka ta zo ta wuce. Wata ma ta wuce. Duk sallar da na kira shi amsa ɗaya ce, saura kaɗan. Na tsani wannan kalma har yau. Daga baya ya faɗa mini gaskiya: masu ɗaukar nauyin aikin sun janye, an soke wasan, abin da aka riga aka yi kuma an sayar wa wani kamfani na ƙasar waje da komatsansa duka. Lokacin ban damu ba. Wasa ne, kuma ga Baba nan a tsakar gida yana mana faɗa kyauta.

Sai Baba ya kwanta ciwo, bai daɗe ba ya rasu.

Bayan Inna ta fita takaba, wata rana tana tsince riɗi a faifai, ta ce ba tare da ta ɗago ba, "Maganar nan da yaron nan ya ɗauka fa? Ina so in ji." A nan na gane ba mu da muryarsa ko'ina. Baba bai yarda da saƙon murya ba. In ya kira ka, magana biyu ce ya kashe. Hotuna muna da su, amma a hoto fuskar nan yake yi ta mai jiran a gama.

Na kira Yaya. Ya ce tana cikin kwamfutarsa, zai turo. Zai turo gobe, zai turo in shabaka ta yi kyau, wato in layin intanet ya daidaita. Yana cikin zai turo yaƙi ya tashi a Khartum, ya fita da kayan jikinsa zuwa Masar, kwamfutar ta tafi tare da gidan. Ban iya yi masa faɗa ba, mutumin da ya tsira da ƙyar, sai na haɗiye abina. Na rubuta wa kamfanin nan da Larabci, na nemi a rubuta mini da Turanci na sake turawa. Amsa ta zo nan take, suna godiya da ƙaunar da nake wa wasanninsu. Wace ƙauna?

Ana nan, Yaya ya kira ni yana haki. "Wasan ya fito, ƙanwata! Sun gyara shi sun sake shi."

Na tashi daga makarantar da nake koyarwa na tsaya a inda layi ke kamawa har ya sauka a wayata. Da na buɗe, sai da na duba ko na yi kuskure. Babu Doka, babu Gadarif. Ƙanƙara ce fari fat da dogayen itatuwan da ban taɓa gani ba. Lorin yana sheƙi kamar ba a taɓa ɗora masa buhu ba, kayan ma akwatuna ne. In ka yi kwana da kyau, wata mata ce take yaba maka da Turanci. Na kira Yaya na zazzage masa duk abin da na daɗe ina haɗiyewa.

"Ma'alesh, yi haƙuri," ya ce. "Sun ce ba wanda ya san Doka a duniya. Amma ji nan. Wani abokinmu da ya yi musu aiki ya ce ba su share tsofaffin sautuka duka ba. Akwai wani abu na Baba a ciki. Bai san a ina ba."

To, kun ji yadda aka yi ni, uwar 'ya'ya, malamar da take ƙwace waya a hannun ɗalibai, na koma danna wasa. Ina yi a lokacin hutun tara a makaranta, ina yi bayan la'asar, tuwo ya sha ƙonewa a kaina. Mataki bayan mataki, kowanne sai an tsayar da ni an yi mini tallar abin da ban tambaya ba. Kuma na yi tuƙin a hankali, don 'yar direba ce ni, tun ina ƙarama na san ba a taka wurin da ruwa ya kwanta yana ƙyalli. Duk inda na hango taɓo sai in kauce. Ban kafe ko sau ɗaya ba, har wani ɗan daɗi nake ji.

Kullum Inna sai ta tambaya, "Ya yi magana?"

"Bai yi ba tukuna, Inna."

Daga baya ta daina tambaya, kuma wannan ya fi ci mini rai.

Ranar da na kai ƙarshen wasan, aka watso mini furanni a fuskar waya, matar nan ta yi ta murna. Babu Baba. Ina zaune a tabarma, Inna tana gefe da faifanta. Haushi ya turnuƙe ni, na koma matakin farko, na nufi wata fadama da ke gefen hanya na danna motar ciki da gangan. Na riƙe yatsa a kan totur har tayoyi suka nutse. Wani maɓalli ya fito yana walƙiya, wai in taɓa a ciro ni. Na ce ba zan taɓa ba, ku zauna a nan ku da ƙanƙararku. Na jefar da wayar a kan tabarma.

Injin ya yi ta gurnani, ya mutu. Sai muka ji tsaki.

"Halas, ta zauna. Ku sauko 'ya'yana, mu tura. Allah na nan."

Faifan ya zame daga cinyar Inna, riɗi ya watse, kaji suka taho, ba wadda ta kore su a cikinmu. Ashe duk wahalar da na sha, gwanintata ce ta hana ni jin sa. Duk kirarin nan da addu'ar tashi sun share, abin da suka mance kawai shi ne wanda ba ya fitowa sai mutum ya kafe ya ƙi neman ceto. Na yi kuka, kuma rabin kukan na takaici ne.

Na ɗauki muryar da wata waya don kada ta sake ɓacewa, na kunna wa Inna. Ta saurara sau ɗaya ta ce in kashe. Wai shi ba ya magana haka kawai, sai da dalili. Yanzu kuma wasan ya dame ni da in sabunta shi, Yaya ya ce a sabon sun share ragowar tsofaffin sautukan. Don haka na cire layin daga wayar, na sayi wata, waccan tana cikin akwatin Inna a naɗe da ɗankwali.

Ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci takan ciro ta ta miƙo mini. "Sa shi a laka, 'yata."

Sai in tuƙa motar nan mai sheƙi cikin ƙanƙarar mutane, in kauce daga hanya, in nutsar da ita, mu zauna mu jira injin ya mutu. In ya gama maganarsa, Inna takan matso da bakinta kusa da wayar.

"To, Usta," take cewa. "Ba kai ne ba ka kafewa ba?"