Kabewa a Filin Gwamna

Shekara goma sha tara Che Matola ya yi yana kula da ciyawar tsohon gidan gwamnatin Nyasaland da ke garinmu, kuma kowa ya san ba ya wasa da ita. Ko kaza ce ta taka filin nan sai ta sha jifa. Matarsa kan ce ai ciyawa ya aura, ita 'yar rakiya ce.

Da yaƙin Jamus ya yi zafi, sai aka kwashe tebura da takardu, aka jera gadajen sojoji masu rauni har cikin zauren taro. Cikin waɗanda aka kawo har da Amidu ƙanen Matola, da harsashi a cinya.

Rauni ya kama hanyar warkewa, amma mutum sai ƙarewa yake. Naman gwangwani ake ba su, Amidu kuwa da sauran Musulmin ɗakin suka ce ba su san wanda ya yanka ba. Gayan tuwo ba ya wuce masa. Ƙauyuka kuma an yashe su don ciyar da mayaƙa, ko ganye babu a kasuwa.

"Ka daure ka ci mana," in ji Matola.

"Yaya, ni dai miyar ganyen kabewa irin ta Inna. In babu, ku ƙyale ni."

"Ji ɗan nema! Kana bakin kabari kana zaɓen miya?"

Ya fita yana faɗa, amma tsoro ya cika masa ciki. Da gari ya waye ya ɗauki fartanya, ya tsaya a tsakiyar filin, ya runtse ido ya kafta. Likita Bature ya fito da gudu.

"Matola, ka haukace? Gwamna zai kore ka!"

"Ranka ya daɗe, ya kora. Ciyawa tana sake fitowa, ƙanena kuwa ɗaya ne."

Mako uku Amidu yana rayuwa da kunu, Matola yana zagin kabewar da ya shuka a filin don ta ƙi sauri. Ranar da matarsa ta kawo tukunyar farko, da gyaɗa a ciki, kowa a zauren ya zuba ido. Amidu ya kai loma, ya ƙara, ya suɗe kwano.

"Gishiri bai ji ba," in ji shi.

Matola ya zauna a ƙasa ya yi ta kuka.

Ba a kore shi ba. Ya tsufa a bakin aikinsa, Amidu yana ɗingisowa kullum ya taya shi hira. Ciyawa ta dawo, amma har ya rasu, in kabewa ta tsiro a cikinta ba ya cirewa.