Sunan Ɗan Fari a Minguettes

Shekarar da na fara digirin dakta a Lyon, ni kaɗai ce Bahaushiya a ƙungiyarmu ta masu bincike kan karatun yara masu buƙata ta musamman. An ɗauko ni ne a wani shiri na koya wa ɗaliban ƙasashenmu bincike, amma watannin farko aikina bai wuce tafinta ba. Abin yana ci mini rai, ina dai haɗiyewa.

Wata rana aka tura ni Minguettes, wata unguwa a gefen Lyon, tare da abokiyar aikina, Bafaranshiya, wajen wata mata 'yar Damagaram. Ɗanta na fari ya kai shekara bakwai bai fara magana ba, makarantarsa kuma tana so a kai shi cibiyar kwana, ya riƙa zuwa gida sai ƙarshen mako. Rahotonmu yana cikin abin da za a duba kafin kwamiti ya yanke hukunci.

Muka sha gaisuwa, ta dama mana fura da yawut, kindirmon kanti, yaron yana zaune a gefenta. Abokiyar aikina ta tambayi sunan yaron. Matar ta sunkuyar da kai ta ce, "Wancan." Aka tambaye ta abin da ya iya, ta yi dariya ta ce, "Wannan? Ba ya iya komi sai ɓanna." Tana faɗin haka tana ɓare lemo, tana cire zaren da ba ya so, tana tura masa ɗaya ɗaya ba tare da ta dube shi ba.

A taragon jirgin cikin gari, muna komawa, abokiyar tawa ta ce za ta rubuta cewa uwar ta yi nesa da ɗanta, ko sunansa ba ta iya kira. Raina ya ɓaci. Na ce mata wannan kunya ce. A wurinmu mace ba ta kiran sunan ɗan fari, ba ta yabonsa a gaban mutane. Ni ma 'yar fari ce, har yau ban taɓa jin sunana a bakin mahaifiyata ba, kuma babu wanda ya kai ta sona.

Ta ce, "Na yarda da ke. Amma wa ya rubuta wannan?"

Tambayar da shugabanmu ya maimaita mini ke nan a taron ƙungiya a Paris. Ba da mugunta ya yi ta ba. Ya ce kwamiti ba ya aiki da labarin mahaifiyar mai bincike, hujja yake so. Na yi kwanaki a ɗakin karatu ban samo abin da ya haɗa kunyar uwa da yaro irin wannan a makaranta ba. Na kira tsohon malamina a jami'armu ta gida, ya kwashe da dariya ya ce, "Haba ɗiyata, abin da kowa ya sani, mi za a rubuta a ciki?"

Wannan dariyar ta fi tambayar Paris yi mini ciwo. Mu da muka sani mun raina rubutawa, masu rubutawa kuma ba su sani ba, ga yaro a tsakani. Ranar na gane ba tafinta aka kawo ni yi ba, na sauya batun digirina zuwa wannan. Sai dai digiri shekaru yake ci, zaman kwamiti kuwa saura mako guda.

Na kira matar na gaya mata gaskiyar abin da ke cikin rahoton, da ɗan bayanin kunya da aka bar ni na ƙara a ƙasa. Ta ce, "To Malama, na jiya."

Ranar zaman, ga shugabar makaranta, ga likita, ga mu. Yaron yana bakin taga yana kaɗa yatsunsa. Ba wanda ya tambaye ta komai tukuna, sai matar ta ɗaga kai ta kira sunansa da ƙarfi. Ya waiwayo yana neman mai kiran. Ta sake kira, ya zo ya tsaya jikinta. Likita ya yi murmushi ya rubuta wani abu. Ni kuwa na kasa ɗaga ido.

Aka bar mata ɗanta, da sharaɗin mai taimako a aji.

Da muka fito na ce mata barka. Ta ja mayafi ta rufe rabin fuskarta, muka yi tafiya har tashar tarago. Can ta riƙo hannuna ta ce, "Malama, don Allah in kin rubuta littahin naki, kar ki sa a ciki cewa na kira sunansa. Uwata na da rai."