Baba Nomau da Burtalinsa

Duk wanda ya san Baba Nomau, ƙanen mahaifina, ya san jakar fatar nan da ba ta barin kafaɗarsa. Ba goro a ciki, ba taba. Yankakkun rassan cinidazugu ne kawai, itacen shinge. Da ruwa ya sauka sai ya bi burtalin garinmu, hanyar shanun da ta ratsa gonaki ta gangara rafi, yana dasa su hagu da dama. Ko ɗaurin aure za shi Bungudu, sai motar ta jira shi.

Ba wanda ya naɗa shi. Cewa yake: "In hanyar shanu ta toshe, ta mutane ma toshewa take."

Wata shekara ɗansa Sani ya ƙara kunya biyu na gero cikin burtali. Baba ya bari sai da geron ya kai gwiwa, sannan ya tumɓuke shi tas, ya kai wa awaki.

Sani ya ce, "Haba Baba! Kunya biyu fa kacal!"

"To saniya makaranta ta yi, da za ta san biyun naka ne?"

Amininsa kuwa Arɗo Buba ne, shugaban makiyayan rugar bayan rafi. Ban taɓa jin sun gaisa ba zagi ba. Ran da shanun Arɗo suka faɗa waken Baba, muka ce yau aminci ya ƙare. Ina! Bai kai ƙara ba. Kullum da hantsi sai ya ɗauki ludayinsa ya tafi ruga, ya zauna ya ce a kawo nono.

Da abin ya ishi Arɗo ya ce, "Kai Kaɗo, yaushe za ka daina?"

"Sun ci nawa, ina shan nasu. Ban kai rabin waken ba."

"Wallahi cikin nan naka ya fi gonar faɗi!"

Sai kuma wani Alhaji daga Gusau da ya sayi gona a gefen hanyar, ya turo tarakta a nome har da burtalin. Mu duk muka ja da baya, mai kuɗi ne. Baba ya shimfiɗa buzunsa gaban tarakta ya ta da nafila. Ya sallame, ya sake tayarwa. Direba ya yi ta danna oda har ya gaji. Can sai ga Arɗo da butarsa, ya tsaya kusa da shi ya kabbara.

Alhaji ya zo da kansa. "Baba, wace irin salla ce wannan ba ta ƙarewa?"

"Ta roƙon shiriya ce, Alhaji. Kai muka roƙa ma, kuma har yanzu ba a amsa ba."

Alhaji ya yi dariya har hularsa ta faɗi, ya ce a juya tarakta.

Yanzu Baba da Arɗo duk sun rasu, Arɗo ne ya fara. Kun dai san halin da ƙasar nan ta shiga; mutanen da suka sha nono a ƙwarya ɗaya yau kallon juna suke da gefen ido. Bana da aka yi ruwan fari na ji ana cewa ai mai gadin ya mutu, kowa ya ja gonarsa cikin burtali. Ni dai na gaji, gwiwa ma ba ta kai ni rafi, na ce shi ke nan, burtali ya tafi.

Ran Juma'a ina zaune a ƙofar gida sai ga Sani da jakar nan a kafaɗa, ɗan Arɗo na biye da shi da dami na cinidazugu.

Na ce, "Kai Sani, kai mai kunya biyu?"

Ya ce, "Yaya, in ban yi ba, tsohon nan har cikin barci zai zo ya tumɓuke ni."

Allah Ya jiƙan Baba Nomau, Ya jiƙan Arɗo Buba. Yadda suka bar wa dabba hanya ta sha ruwa, Allah Ya buɗe musu tasu, Ya haɗa su wuri guda, ko da za su ci gaba da zagin juna. Amin.